Yadda ake zaɓen mazurarin da ya dace da bahon wanke hannu marar hudar rarar ruwa

Duk wanda ya zaga kasuwannin kayan gini a 'yan shekarun nan, irin su Dei-Dei a Abuja ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Odun-Ade a Legas, zai lura da cewa bahon wanke hannu ya sauya kama. Bayan farin bahon tangaran mai ƙafa ɗaya da aka saba gani, yanzu akwai wanda ake ɗorawa a kan teburin dutse kamar akushi, akwai na gilashi, akwai kuma wanda aka sassaƙa daga dutse. Da yawa daga cikin waɗannan na yayi sun yi tarayya a abu guda: ba su da 'yar hudar nan da ke can sama a jikin baho, wadda ke kwashe ruwa idan ya kusa cika.

Rashin wannan huda ba aibi ba ne, haka aka ƙera bahon. Sai dai shi ne ke yanke hukuncin irin mazurarin da za a ɗaura masa, wato ƙarfen nan da ke zama a ramin gindin baho, wanda masu shago da masu gyaran famfo ke kira wes. Ƙaramin abu ne, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na bahon kansa, shi ya sa galibi a ƙarshe ake tunawa da shi, a ce wa yaron shago ya haɗo da guda. Daga nan ne yoyo da wari da kumburin katako kan samo asali.

Kafin a fahimci abin da ya dace da bahon da ba shi da huda, sai an san yadda mai huda yake aiki. Bahon da ke da hudar rarar ruwa yana da wata ɓoyayyiyar hanya a cikin jikinsa, wadda ta taso daga hudar ta gangaro har wuyan baho. Wuyan nasa kuma mai kauri ne, hawa biyu, da fili a tsakani. Mazurarin da aka yi domin irin wannan baho yana da tsaga a gefensa, kamar 'yar taga. Idan aka zura shi, tsagar tana faɗawa daidai cikin filin nan na wuya. Saboda haka ko da an toshe bahon daga sama, ruwan da ya shiga huda zai bi ɓoyayyiyar hanyar, ya shiga ta tsagar, ya wuce bututu.

Bahon da ba shi da huda kuwa gindinsa hawa ɗaya ne. Babu hanya a ciki, babu fili. Idan aka sa masa mazurari mai tsaga, tsagar ba ta da inda za ta ɓuya. Ko dai ta fito a ƙarƙashin baho, ko ta faɗa daidai wurin da zoben roba da noti ya kamata su matse. Ko wanne ya faru, an buɗe wa ruwa ƙofa. Duk lokacin da aka wanke hannu, wani kaso na ruwan zai bi ta tsagar ya ɗiga ƙasa.

Abin da wasu masu gyara ke yi a nan shi ne su naɗe tsagar da farin tef na zare, su cika wurin da silikon, su karɓi kuɗinsu. Dabarar kan riƙe na ɗan lokaci. Amma ruwan sabulu da zafi da motsin bututu suna sassauta ta a hankali, kuma da yake yoyon a cikin akwatin da ke ƙarƙashin baho yake faruwa, ba a cika ganinsa da wuri ba. Yawancin waɗannan akwatuna da matsattsen garin katako ake yinsu, wanda da zarar ya sha ruwa sai ya kumbura ya dagargaje, ba ya kuma komawa yadda yake.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: baho marar huda, mazurari marar tsaga. Akasin haka ma kuskure ne. Idan aka sa marar tsaga a baho mai huda, an toshe ƙarshen ɓoyayyiyar hanyar ke nan. Hudar ta zama ado kawai, ruwan da ya shiga cikinta kuma zai kwanta ya yi ɗoyi. Akwai wani nau'i da ake sayarwa wanda ke zuwa da wani zobe ko hannun riga na musamman da ke rufe tsagar, don ya yi aiki a kowane irin baho. Yana da amfani idan babu zaɓi, amma ƙarin gaɓa ce da za ta iya yoyo, kuma wanda jikinsa ya zo a rufe tun daga masana'anta ya fi kwantar da hankali.

Mai saye ba ya buƙatar dogaro da abin da aka rubuta a kwali. Ya ciro mazurarin, ya juya shi a hannu, ya dubi sashen da ke da zare. Idan ya ga taga a jikinsa, ba nasa ba ne.

Mai rufewa ko mai zama a buɗe

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a gidajenmu, kuma ita ce aka fi yin sakaci da ita.

Mazurari marar tsaga iri biyu ne. Akwai wanda ake iya rufewa a tara ruwa, akwai kuma wanda ba ya rufuwa ko kaɗan. A cikin masu rufewa, wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai sifirin, wanda ake dannawa da yatsa ya rufe, a sake dannawa ya buɗe. Akwai mai faifan da ke juyawa a kan tsakiyarsa, akwai kuma tsohon yayi na marfin roba da sarƙa. A cikin waɗanda ba sa rufuwa, akwai mai fuska kamar rariya, da kuma mai hula, wanda marfinsa ke tsaye a ɗage, ruwa na bi ta ƙarƙashinsa.

A bahon da ke da huda, idan aka manta da famfo a buɗe alhali mazurari na rufe, hudar tana rage ɓarna, ko da yake ita ma ba kullum take iya cinye ruwan famfon da aka buɗe gaba ɗaya ba. A bahon da ba shi da ita, babu wani mai ceto. Ruwa zai cika ya tumbatsa ya bi ƙasa.

Wani zai ce ai babu mai hankalin da zai bar famfo yana zuba ya tafi. Haka ne a inda ruwa ke zuwa dare da rana. A yawancin garuruwan Najeriya kuwa, ruwan gida daga tankin sama yake sauka, tankin kuma ba ya cika sai an kawo wuta an tayar da injin rijiyar burtsatse, ko kuma hukumar ruwa ta saki nata a lokacin da ta ga dama. Yaro ya shiga banɗaki da yamma, ya murɗa famfo, ya ji iska kawai, ya fita bai mayar ba. Famfon da ba ya zuba ba ya tuna wa kowa cewa a buɗe yake. Wani kuma ya jingina hannu a kan mazurarin, ko sabulu ya faɗo a kansa, sifirin ya kama. Cikin dare a kawo wuta, maigadi ko mai gida ya kunna inji, tanki ya cika, kowa na barci.

Lissafin ba shi da wuya. A ce famfon yana zubar da lita 6 a minti ɗaya. A sa'a guda lita 360 ke nan, alhali bahon kansa 'yan litoci kaɗan yake ɗauka, cikin minti ɗaya ko biyu ya cika. Idan tankin mai lita 1,000 ne, kafin sa'o'i uku su cika ya juye duka a cikin gida. Idan banɗakin yana da magudana a ƙasa kuma an yi daɓen da gangara mai kyau, asarar ruwa da wuta ce kawai. Amma ba kowane banɗaki ke da ita ba, musamman 'yan ƙananan bayin baƙi, haka ma bahon da ake kafawa kusa da teburin cin abinci, wanda ya zama ruwan dare a sababbin gidaje. A gidan bene kuwa, ruwan yakan sami hanyarsa zuwa silin maƙwabcin da ke ƙasa, daga nan maganar ta tashi daga ta famfo ta koma ta biyan diyya tsakanin ɗan haya da mai gida da maƙwabci.

Yana da kyau a tambayi kai ko ana ma buƙatar tara ruwa a bahon. Al'adar toshe baho da marfi ta yi ƙarfi ne a Birtaniya, inda aka daɗe ana kafa famfo biyu daban, na zafi da na sanyi. A da, ruwan sanyi daga babban bututun gari yake zuwa, na zafi kuma daga tankin da ke saman gida, kuma ba a yarda su haɗu a bututu ba don gudun gurɓata ruwan sha. Wanda ke son ruwa mai ɗumi dole ya toshe baho ya gauraya su a ciki. Mu kuwa da ruwa mai zuba muka saba wanke hannu da fuska, tun daga buta har zuwa famfo, kuma alwala ma haka akasari ake yinta. A gidaje da dama, shekara takan zagayo ba a tara ruwa a bahon wanke hannu da gangan ko sau ɗaya ba.

Saboda haka, a ganina, a gidan da ke da yara ko tsofaffi, da gidan haya, da ɗakunan otal da makarantu da ofisoshi, da duk wani baho da ke saman bene, mazurarin da ba ya rufuwa shi ne zaɓin da ya dace da baho marar huda. Mai rufewa sai ga wanda ya san yana da buƙata ta gaske, kamar mai aski da reza ko mai wanke 'yan ƙananan kaya, kuma banɗakinsa na da magudana a ƙasa. Shi ma ya nemi wanda kansa ke kwancewa da hannu, domin gashi da dattin sabulu suna taruwa a jikin sifirin, wata rana ya maƙale a rufe da ruwa cike a baho.

Asibitoci sun riga kowa yanke wannan shawara, amma saboda wani dalili daban. Ƙa'idojin gina asibitoci na Birtaniya sun tanadi cewa bahon da ma'aikatan lafiya ke wanke hannu a cikinsa kada ya kasance da hudar rarar ruwa, kada kuma ya kasance da marfi. Ɓoyayyiyar hanyar nan wuri ne mai duhu da laima wanda burushi ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta na samun mafaka a ciki. Wannan shi ne babban abin da bahon da ba shi da huda ya fi ɗan'uwansa da shi, wato sauƙin tsafta.

Me ya sa ruwan ke tafiya a hankali?

Hudar rarar ruwa tana da aiki na biyu da ba kowa ya sani ba: hanyar iska ce. Tsakanin bakin mazurari da ruwan da ke kwance a tarkon da ke ƙasa akwai iska a cikin bututu. Idan ruwa zai sauka, dole iskar ta sami wurin fita. A baho mai huda, sai ta bi ta tsaga ta fice ta hudar. A marar huda, ba ta da hanya sai ta bakin da ruwan ke son shiga, sai su yi karo. Duk wanda ya taɓa kifa kwalbar ruwa ya ga yadda take fita guɗ-guɗ ya san wannan.

Matsalar ta fi tsanani a mazurari mai fuskar rariya idan hudojinsa ƙanana ne ƙwarai. Ruwa yakan yi wata 'yar fata a kan ƙananan hudoji, ta hana iskar kutsowa, sai a ga ruwa ya tsaya cik a baho alhali babu abin da ya toshe bututu. Da an taɓa wurin da yatsa sai kumfar iska ta fito, ruwan ya wuce. Mutane da yawa sun zuba soda da asid a bututun da lafiyarsa lau saboda wannan. Maganin shi ne a zaɓi mai manyan hudoji, ko mai hula wanda ke da wadataccen fili a ƙarƙashin marfinsa. Mai hular yana da wata fa'ida: yana kama da mai sifirin a ido, ga masu son banɗaki ya yi kyau, amma ba ya rufuwa.

Awo da irin ƙarfe

Awon da aka saba da shi na mazurarin bahon wanke hannu shi ne inci 1¼, wanda ke tafiya da bututu mai milimita 32. Na bahon wanka da na wurin wanke-wanke a kicin sun fi girma, inci 1½, wato milimita 40, don haka ba a musanya su. Ramin gindin baho kuma yawanci yana kusa da milimita 45, amma bahon dutse da na gilashi sukan saɓa, shi ya sa ya kamata a auna kafin a tafi kasuwa, ko a sayi baho da mazurari a shago ɗaya a gwada su nan take.

Awo na biyu da aka fi mantawa da shi shi ne kauri. Bahon da aka sassaƙa daga dutse yana iya yin kauri sosai a gindi, idan kuma ɗora shi aka yi a kan teburi, wani lokaci sai mazurarin ya ratsa teburin ma. Gajeren mazurari ba zai bar isasshen zaren da noti zai kama ba. A ɗaya gefen, bahon gilashi da na ƙarfe sirara ne, sai a tabbata zaren ya kai har kusa da kai, in ba haka ba noti zai ƙure bai matse komai ba. Bahon gilashi mai zagayayyen gindi yana kuma buƙatar zoben da zai zauna a kai, tare da roba sama da ƙasa, don kada gilashi ya gogi dutse kai tsaye.

Sai a dubi ƙasan mazurarin. Wasu suna ƙarewa da zare irin na Birtaniya wanda tarko ke ɗaurewa a kansa, wasu kuma suna ƙarewa da santsin bututu da ake zurawa cikin tarko a matse da roba. Kayan da ke kasuwanninmu daga ƙasashe daban-daban ake shigo da su, kowanne da tsarinsa, don haka a haɗa mazurari da tarko a hannu tun a shago a ga sun karɓi juna.

Dangane da ƙarfe, mafi ƙarko su ne na tagulla da aka lulluɓe da farin fenti mai ƙyalli, da na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304. Akwai na gaurayen tutiya, wanda ke kama da tagulla a ido amma yakan ci ya ruɓe daga ciki, akwai kuma na roba da aka shafa wa ƙyalli. Na roba ba ya tsatsa kuma yana da araha, sai dai zarensa na saurin lalacewa idan aka matse da ƙarfi. Abin da bai kamata ba shi ne a sayar wa mutum na tutiya da kuɗin na tagulla. Nauyi yana taimakawa wajen ganewa, haka ma leƙa cikin bututun, inda sau da yawa ake ganin ruwan ɗorawar tagulla a wurin da fenti bai kai ba. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi ba hujja ba ce, domin akwai ƙarafa masu arha da su ma ba ya kama su. Kowane iri aka saya, asid ɗin da ake wanke masai da tayil da shi yana cinye ƙyallin cikin ɗan lokaci, musamman baƙaƙe da masu ruwan zinariya da ake yayi yanzu.

Abin da ke ƙarƙashin baho

Mazurari mai kyau ba ya hana wari. Aikin tarkon ruwa ne wannan, wato lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa a kowane lokaci don ya tare iskar da ke tasowa daga ramin ƙazanta. Dabarar tsohuwa ce: tun 1775 wani maƙerin agogo ɗan Sikotilan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasa irin wannan. Ƙa'idar gini ta Ingila ta sa zurfin ruwan tarkon bahon wanke hannu ya kai milimita 75.

A gidaje da yawa a nan, maimakon tarko sai a ga bututun roba mai kama da maƙogwaro an zura shi kai tsaye cikin bututun bango ko na ƙasa. Idan aka miƙe shi babu lanƙwasa, wari da kyankyasai sun sami babbar hanya, kuma a mazurarin da ba ya rufuwa babu marfin da zai ɓoye laifin. Ko an lanƙwasa shi, ƙugiyoyin jikinsa suna tara datti. Tarko mai siffar kwalba ya fi dacewa da inda wuri ya yi ƙaranci ko inda bututu ke fili ana ganinsa, gindinsa kuma yana kwancewa idan zobe ko ɗan kunne ya faɗa. Mai siffar gwiwa ya fi shi saurin wucewar ruwa, abin da ke da amfani ga bahon da dama can yake fama da iska.

Wajen ɗaurawa, zoben roba ɗaya na zama a sama ƙarƙashin leɓen mazurari, ɗaya a ƙasa kafin noti. Idan gindin bahon bai yi sumul ba, ana ƙara siririn layin silikon. Ga bahon mabul da sauran duwatsu, a guji ƙullin nan mai maiƙo da masu famfo ke amfani da shi, domin man yana shiga dutse ya bar tabo, a kuma guji silikon mai warin tsami, a nemi wanda aka rubuta cewa ya dace da dutse. Noti da hannu ake fara ɗaure shi, sannan a ƙara ɗan kaɗan da sifana. Matsewa fiye da kima tana tsaga tangaran da gilashi, kuma tsagewar ba lallai ta bayyana ranar ba.

Kafin a sallami mai aiki, a bar silikon ya bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbarsa, sannan a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin baho. Idan mazurarin mai rufewa ne, a rufe a cika bahon, a bar shi na minti 10, a duba ko ruwan ya ragu, sannan a sake shi gaba ɗaya. Idan mai zama a buɗe ne, a buɗe famfo iya ƙarfinsa lokacin da tanki ke cike, a tsaya a gani ko mazurarin na cinye ruwan ko kuwa yana taruwa yana hawa. Idan yana hawa, ko dai a sauya mazurarin da mai faɗin baki, ko a rage ƙarfin ruwan daga ɗan makunnin da ke jikin bango a ƙarƙashin baho har sai abin da ke shiga bai fi abin da ke fita ba.